Audugar Gefen Hagu

Utaiƙa, Riyad
Watan Rajab

Zuwa ga Yayata Hajar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, yaya jikin Inna? Yaya Baban Sadiƙ da yara, yaya ɗinki? Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Basiru yana gaishe ku. Har yanzu yana jan tankar ruwa a wajen gine-ginen Dir'iyya, ya fita da asuba, sai magariba. Ni ma aikin lalle da gyaran amare yana tafiya a mashgal, wato shagon kwalliyar mata da na gaya miki na koma.

Kada ki yi mamakin ganin na rubuta a takarda na ɗauki hotonta na turo miki. Kin san halin gidanmu, waya na yin ƙara Inna za ta ce a buɗe murya kowa ya ji. Abin da ciwon suga ya ɗauke mata a ido ya zuba mata shi a kunne. Wannan maganar kuwa tawa ce da ke.

Jibirilla mai kai-komon kaya zai taso makon gobe. Na ba shi atamfa uku da leshi ɗaya, ki ɗinka min na Sallah tun kafin masu azumi su rufe ki. Abu biyu nake roƙo. Na farko, ki ƙara inci biyu a ƙirji a kan awon da kika sani. Na biyu, audugar nan da kike ɗinke min a cikin gefen hagu, kada ki sa. Daga yau an daina.

Kada ki tambaye ni dalili yanzu, in mun haɗu za ki ji. Alheri ne.

Ki gaishe min da Inna, ki ce na sa mata dabino mai laushi a cikin kayan, amma guda ɗaya a rana.

Ƙanwarki,
Zaituna

Funtuwa
Farkon Sha'aban

Zuwa ga Auta, sarauniyar ɓoyo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaida Antin Saudiyya. Kaya sun iso, na ɗinka, Jibirilla zai juyo da su. Dabino kuwa guda ɗaya a rana a bakinki ya tsaya, don na kama Inna da ƙwallaye biyar a ƙarƙashin filo.

To, kin ce kada in tambaya, ban tambaya ba. Sai dai kin manta wace ce ke linke miki kaya. Tun da idon ya tafi, Inna ba ta yarda a sa rigarki a jaka sai ta bi ta hannunta, ta shafa wuya, ta shafa hannu, ta ce nan ɗinki ya karkace, ni da na shekara ashirin a kan keke. Ranar ina goge leshin ita tana linke atamfofin, sai na ga ta ɗauki riga ɗaya. Ta juya rigar ciki waje, ta laluba gefen hagu, ta ajiye, ta ɗauki ta biyu ta laluba. Sannan ta auna ƙirjin da taƙi. Ta ce, "Ke, wa ya ce ki ƙara?" Na ce mai kaya. Ta ce, "Audugar fa?" Na ce mai kaya ta ce a daina.

Zaituna, wallahi tsohuwar nan guɗa ta rangaɗa. Rabon da in ji guɗar Inna tun ranar kai ki. Maƙwabta suka leƙo, ta ce ba komai, kunama ce ta kashe. Da suka tafi ta kama hannuna tana hawaye ta ce, "Auta na da ciki. Shekara takwas ina roƙon Allah, ashe yana ji."

Ni ma sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Ashe alherin ke nan! Ke kuwa da wace fuska za ki dube ni? Ni da na wanke miki kashi, ni za ki yi wa kunyar ciki? Na yafe miki don daɗin ya fi fushin yawa. Ki daina tsayuwar nan mai tsawo a kan amaren Larabawa, ki rage shaƙar turarensu. Ki gaya wa Basiru ya fara shiri, don Inna ta ce haihuwar fari a gida ake yi, ba ta san wata Riyad ba.

Allah ya raba lafiya. Ki rubuto ki gaya min wata nawa.

Yayarki mai murna,
Hajar

Utaiƙa, Riyad
Sha'aban

Yaya Hajar,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na karanta takardarki a bayan mashgal, na kasa komawa ciki, sai da abokiyar aikina Marwa ta ƙarasa wa amaryar lallenta.

Yaya, ba ni da ciki. Ko ɓatan wata ban yi ba. Tiyata aka yi min.

Ke kaɗai kika san yadda ƙirjina ya tashi, na dama ya fito kamar na kowace mace, na hagu ya tsaya kamar na 'yar shekara goma. Kin san na daina wanka da kowa tun ina aji ɗaya a sakandare. Kukan da na yi ranar wankan amarci, mata suna cewa na son gida ne, ke kin san na tsoron a zare min zane ne. Audugarki ta rufa min asiri a gaban duniya, Allah ya saka miki. Amma da na cire riga, auduga ta tafi da rigar, ni in saura da kaina.

Marwa ce ta gan ni wata rana ina sauya kaya, ta yi min kwatancen wata likita mace, a nan daktora suke cewa. Ta duba ni ta ce abu ne mai gyaruwa. Ana sa wata 'yar jaka mai laushi a ciki, a cika ta da ruwan gishiri irin wanda ake ƙara wa marasa lafiya. Ta sa babba a hagu, ƙarama a dama don su yi kama. Kowace jaka tana da siririn bututu da ya zo ya ƙare a wani ɗan maɓalli ƙarƙashin fata, kusa da hammata. In na je, sai ta soka allura a maɓallin, ta ƙara ruwa ko ta rage, har a sami yadda ake so. In an gamsu sai a cire maɓallan, shi ke nan an rufe ƙofa, ba ƙari ba ragi.

Kada ki zargi Basiru. Shi cewa ya yi, "Shekara takwas na taɓa kawo miki ƙara?" Da ya ga na dage ya je ya tambayi wani malami, aka ce masa gyaran abin da ya tawaya ba laifi ba ne, sannan ya sa hannu. Ranar da aka kwance bandeji na tsaya gaban madubi na yi kuka, na farin ciki. Na ɗauka in na zo in nuna miki ki yi min dariya, mu ƙone sauran audugar tare. Ban taɓa kawo Inna a lissafin ba.

Wani abu kuma ya tsaya min a rai. Yaya aka yi Inna ta san da audugar? Kin rantse min a ɗakin keke cewa daga ni sai ke.

Don Allah, Yaya, ki gaya mata. Ki ce kuskure ne, ki ce ƙiba na yi, ki ce duk abin da ya zo bakinki. Ke kina kusa, kin san lokacin da ranta ke sanyi. Ni ba zan iya ba.

Ki yafe min murnar da na sa ki.

Ƙanwarki,
Zaituna

Funtuwa
Goman tsakiya na Azumi

Zaituna,

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa. Na daɗe ban amsa ba don da na amsa a ranar da na karanta, da ba za ki so abin da zan rubuta ba.

Jikinki ne, ban ce kin yi laifi ba. Na fi kowa sanin abin da kika sha. Abin da ya ƙona min rai shi ne a kwantar da ke a yanka a ƙasar mutane, Marwa ta sani, malamin Basiru ya sani, ni sai dai a aiko min da inci biyu kamar telar kasuwa. Da kin faɗa min tun farko, da na ɗinke rigunan a ɓoye na ba Jibirilla, Inna ba ta taɓa su ba. Yanzu ga shi, magana zarar bunu ce.

Ban karya rantsuwata ba, ban taɓa gaya wa Inna komai ba. Yadda ta sani, ita za ki tambaya, ba nawa ba ne in faɗa.

Batun in gaya mata kuwa, a'a. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Kuma bari ki ji abin da kike so in rushe. Matar da sai an yi da gaske take fitowa daga ɗaki, yanzu ita ke tashinmu sahur. Ta sa an sauke mata amalanken itace biyu na wankan jego, an jera a bayan ɗakinta, kullum sai ta je ta shafa ta ji ko yara sun zara. Ta aika an sayo kanwa ta kunu. Ta sa na binciko mata mazarinta a ƙasan adaka, ta koma kaɗi, wai zaren majanyin goyo take yi, ba za a goya jikanta da na kanti ba. Magani da sai na yi faɗa take sha, yanzu ita ke tuna min, wai tana so ta kai lokacin. Na shiga ɗakin nan da niyyar faɗa mata ya fi a ƙirga, in tarar tana kaɗi tana 'yar waƙa, in ce sannu Inna, in fito.

Amma kada wannan ya ruɗe ki. Ƙafarta ta dama ta sake kumbura, gyambon ya ƙi rufewa, likita bai ji daɗin abin da ya gani ba. Ba na so ta ji daga bakin wani, ba na kuma so ta tafi a kan abin da babu. Ki kira ta. In ba ki iya ba, ki zo ki zauna kusa da ita ki faɗa, uwa ce, ba za ta cinye ki ba.

Rigunan sun yi miki kuwa? Ban saba ɗinka miki gefe biyu iri ɗaya ba, hannuna sai da ya yi ta neman wurin audugar.

Allah ya karɓi ibadunmu. Ki gaida Basiru.

Hajar

Utaiƙa, Riyad
Bayan Sallah

Yayata,

Assalamu alaikum, barka da Sallah. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, na karɓa. Rigunan sun zauna das, leshin na sa ranar idi, matan unguwa har suna tambayar telata.

Na kira Inna, kin ji ai, kina wurin. Abin da ba ki sani ba shi ne kwana na yi ina shirya maganar. Na ce, "Inna, akwai abin da nake so in gaya miki game da rigunan nan." Kin ji yadda ta katse ni. "Kul, Auta! Ba a faɗar wannan da baki, balle a waya. Na sani. Yi shiru, kada baki ya kama shi." Na ce Inna ki tsaya ki ji, ta ce ba ta tsayawa, ta shiga yi min addu'a, a raba lafiya, a ba mai albarka. Yaya, amin na ce. Na ji bakina yana cewa amin.

Don haka zuwa zan yi. Matar da ke riƙe da iƙamata, wato takardar zamana a nan, ta yarda da hutun wata guda, Basiru ma ya ce in tafi. Abu ɗaya ya rage, ina so a cire maɓallan tukuna, in zo a gama, kada in bar aiki rabi. Da tun kafin azumi za a cire, ni na ce a dakata. Na duba madubi na ga kamar na hagun bai kai ba, aka ƙara. Da aka ƙara sai na ga ya ɗara ɗan'uwansa, ya yi sama, yana min nauyi in na sunkuya zanen lalle. Na koma aka zuƙe kaɗan. Duk taɓawa kuma sai daktora ta ce a jira makonni ya zauna kafin a yanke shawara. Wancan zuwan ta ajiye allurar ta ce, "Khalas, ya isa haka, Zaituna. Babu macen da nata suke daidai kwabo da kwabo. Yanzu ba ƙirjinki ke da saura ba, idonki ne." Na san gaskiya ta faɗa. Amma wanda ya shekara ashirin yana auna kansa da ido, ba rana ɗaya zai daina ba, ga shi kuma an ce in an cire shi ke nan.

Wani lokaci nakan ce ko in sa ta zuƙe ruwan duka in koma yadda nake, ki ci gaba da sa min auduga. Sai in tuna ko an zuƙe, itacen Inna yana nan a jere.

An ba ni ranar ƙarshe a farkon watan gobe. Wannan karon ba zan ɗaga ba. Ana cirewa, ɗinkin ya kame, zan hau jirgi. Ki lallaɓa min ita zuwa lokacin, kwana nawa ne.

Ki ce mata ina gaisuwa, ina nan tafe.

Taki,
Zaituna

Funtuwa
Zulƙida

Auta,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba mu juriyar rashinta. Ranar da na kira ki, kuka ya hana ki ji, mutane sun hana ni faɗa. Yau an yi bakwai, gida ya watse, ga abin da ya rage.

Ciwon ƙafar ne ya shiga jini. Kwana uku muka yi a asibiti, ba ta wahala sosai ba. Ranar ta biyu ta farka da hankalinta, ta ce, "Ke, saura wata nawa?" Zaituna, ni da na yi ta cika miki baki a kan gaskiya, na dubi fuskarta na ce, "Saura kaɗan, Inna." Ta ce alhamdu lillahi. To kin ga ba ke kaɗai ba ce, mu biyu muka raka ta da shi. Ban sani ba ko alheri muka yi mata ko zalunci, kuma babu wanda zan tambaya.

Kin tambaye ni yadda ta san da audugar. Alkawarin da ya ɗaure ni ya kwance da tafiyarta. Ba dabarata ba ce. Kina shekara goma sha huɗu ta kira ni ɗaki, ta miƙo min auduga da ta gurza ta shiɓe da hannunta, ta ce, "Ki ɗinke wa yarinyar nan a gefen hagu. Ki ce ke kika gani, kada ki ce ni. In ta san na sani, kunya za ta hana ta zama a gabana." Duk audugar da ta taɓa shiga rigarki, ita ta gyara ta. Ko bayan idon ya tafi, da lalube take cire ƙwayar.

A asibitin ta ƙarasa min sauran. Ta ce ita ma haka ta tashi, na hagun, kuma tata uwar ce ta ɗinka mata tsumma a riga. Ta ce nata bai cika ba sai da ta yi cikin fari. Kin san ba ta kama sunana, ni 'yar fari, cewa ta yi, "sai da na yi cikin wata." Shi ya sa da ta laluba ta ji ba auduga, ba ta yi shakka ba ko kaɗan. A saninta abu ɗaya ne ke cika wurin nan.

Na zauna ina tunani, mata uku a gida ɗaya, kowace tana rufa wa 'yar'uwarta asirin da duk mun sani. Da ɗayarmu ta buɗe baki shekara ashirin da suka wuce, da kin sami wadda za ki yi kuka a cinyarta, wadda ta san abin daga ciki. Ni ɗinki kawai na iya.

Itacen, da shi aka ɗumama ruwan wankanta. Sauran yau aka toya wainar sadaka da shi, bai rage ko ɗaya ba. Zaren majanyin bai kai a kai wa masaƙi ba, yana jikin mazari.

Akwai kuma ƙunshi da na tarar a ƙarƙashin filonta, wurin da take ɓoye dabino. Auduga ce shiɓaɓɓiya, fara tas, a ƙulle a gefen tsohon ɗankwalinta. Ta yi min maganarta tun cikin azumi. Ta ce, "Ki adana. In mace aka haifa, wata rana za ta buƙata, ni kuwa ba na nan."

Ban san abin da zan yi da ita ba. Ki faɗa min.

In za ki zo, ki zo, ɗakin yana nan. In kin fasa, ba zan riƙe ki ba.

Yayarki,
Hajar

Utaiƙa, Riyad
Zulƙida

Yaya,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya ba mu haƙuri.

An cire maɓallan ranar da aka sa, kwana biyu bayan kin kira ni. Daktora ta ce sun yi daidai. Ban duba ba.

Zan taso ran Laraba. Kada ki ba kowa audugar, kada ki kwance ƙullin. Tawa ce, ko da yake yanzu ba ni da inda zan sa ta.

Sai na zo.

Auta